Baba Mai Hatimin Gidan Fata

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Surukina, mahaifin matata, wanda duk Illela ke kira Mai Hatimi, ya rasu ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ni Baba nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Bakina bai taɓa furta sunansa ba tun da ya ba ni 'yarsa, ba kuwa zan fara da alƙalami ba.

Ranar da aka soma zaman gaisuwa tabarmin gidan suka kasa, har da na maƙwabta. Mahauta sun zo, dukawa sun zo, fataken Ƙwanni sun tsallako, wasu a kan keke wasu a ƙasa. Sai Goggo, ƙanwar Baba, ta sa aka fito da buzaye daga ɗakinsa, aka yi ta shimfiɗawa har bakin titi. Sun fi arba'in, kuma babu mai lafiya a cikinsu. Wannan da huji, wancan da yankan wuƙa, wani ƙuraje sun cinye masa gefe. Wani tsohon mahauci ya juya nasa, ya ƙura masa ido, ya fashe da dariya hawaye na zuba. Ya ce, "Wallahi wagga ni na yanke ta! Dubi inda wuƙata ta kubce. Ranar nan ya wanke ni tas gaban yarana, ashe ajiye ta ya yi."

Daga bayan zana Goggo ta ba shi amsa. Ta ce duk talakan da ya kawo fata guda tilo, ta kuwa fito da aibi, Baba ba ya ɗaga mata lamba ko da mai ita zai yi birgima a ƙasa. Zai buga mata hatimin lamba uku, sannan ya bi mutumin har ƙofa ya saye ta da kuɗin aljihunsa a farashin mai kyau. Inna, matarsa, ta sha yin mita a kan haka, tana cewa ɗakin ya zama majema.

Wani falke daga Ƙwanni ya ce shi bai taɓa son Baba ba, kuma ba zai yi ƙarya a gaban liman ba. "Mutum na mai taurin kai. Amma in hatiminai na bisa dila, ba ka ɓata lokacin kwance ta." Kowa ya gyaɗa kai. Suna gamawa sai su juyo gare ni, su ce Allah ya ba ni haƙuri, ni na gaje shi, ai ɗan halak ne ya riƙe hatimin. Ina amsawa da amin. Akwai abin da ba su sani ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Gidan Fata, ga wanda bai san shi ba, rumfar kwano ce doguwa a bayan kasuwa, ta wani kamfani da ke sayen fatun jar akuya. Mu kusan talatin ne a ciki. Fata kan shigo ɗanya daga hannun mahauta, a wanke ta, a kankare kitsen, a tsoma ta a ruwan maganin ƙwari, a ɗaure ta da igiya a jikin katako ta bushe a inuwa. In ta bushe sai ta zo gaban Baba. Shi zai ce lamba ɗaya ce, ko biyu, ko uku, ya buga hatimi. Ɗaya da biyu a ɗaure su dila-dila, mota ta kwasa zuwa Kano. Lamba uku a sayar wa dukawan gari da araha.

Baba yakan zauna a kan turmi kife, daidai bakin ƙofar gabas. Fata ta zo, ya shinshina ta tukuna. Wadda aka shanya a ƙasa cikin rana, ko an shafe ta da mai an yi mata kwalliya, hancinsa zai tona mata asiri. Sai ya bi ta da tafin hannu daga wuya zuwa wutsiya, yana neman inda wuƙa ta zurma. Na ƙarshe, ya ɗaga ta sama da hannu biyu ya fuskanci haske. Wannan shi yake kira tambayar rana. Hujin kaska da na ƙuraje ƙanana ne, hannu ba ya jin su, amma rana na leƙowa ta cikinsu. Yakan ce, "Hwata ba ta ƙarya, sai mai ita. In kana shakka, tambayi rana."

Ba shi da sauƙi, kada addu'a ta sa in yi masa ƙarin gishiri. Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya taɓa kawo fatu jaki biyu daga ƙauyen Araba yana taƙama wansa ne mai hatimi. Baba ya zubar da rabinsu a lamba uku bai ko ɗaga kai ba. Baffa ya ce, "Yaya, ni na hwa!" Baba ya ce, "Na gane ka. Kaska ta ba ta gane ka ba." Leburori suka tuntsire da dariya, Baffa ya kaɗa jakunansa ya tafi, Salla biyu ba su gaisa ba. A zaman makokin nan kuwa babu wanda ya kai Baffa kuka.

Ni na shigo gidan ne da ɗan karatun boko, ina karanta takardun da ke zuwa daga Kano, ina tsaye a bayan Baba ina jera abin da ya tantance. Shi ya koya mini aikin. A shekarun farko gardama muke yi kamar abokai. In ce masa wannan biyu ce, ya ce in je in wanke idona, in ƙi, mu ɗaga ta tare. Wani lokaci in ci shi, ya yi tsaki ya ce sa'a ce. Daga baya ya ba ni 'yarsa ta fari, sai aure ya rufe mini baki. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Na koma in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa. Ba na ci a gabansa, ba na dariya a gabansa, balle in ce masa ya yi kuskure. Shi ma ya daina tsokanata. Muna wuni kafaɗa da kafaɗa, abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce "miƙo" da "ga shi" ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai Baturen kamfanin ya tafi, aka aiko sabon manaja ɗan ƙasa da ke zaune a Sakkwato, yana leƙo mu sau ɗaya a wata. Ana ta murna a gari, ni kuwa ina cikin zullumi, don ni mutum ne mai fargaba tun ina ƙarami, ko tsawa aka yi sai in ga kamar da ni ake. Ana raɗe-raɗin cewa za a rage ƙananan rumfuna irin tamu, a tattara aikin a birni. Ba a jima ba takarda ta zo daga Kano. Ta ce an sami fatu masu huji a cikin dilolin lamba ɗaya na Illela, har sau biyu. In aka sake samu, za a rufe gidan.

Na karanta wa Baba. Ya ce, "Ƙugiyoyin 'yan dako na. Su huda kaya su ce mu na." Na ce haka ne, Baba.

Amma daga ranar na soma sa ido. Sai na ga abin da na daɗe ina gani ina kau da kai. Hancinsa na nan, hannunsa na nan, amma in ya ɗaga fata ga haske ba ya daɗewa kamar da. Wata ranar Talata motar kamfani ta ja baya ta tsaya daidai ƙofar gabas, ta toshe hasken gaba ɗaya, rumfar ta yi duhu. Baba bai ce a matsar da ita ba. Ya ci gaba da ɗaga fatu yana fuskantar jikin motar, yana cewa ɗaya, ɗaya, biyu, yana buga hatimi. Da ya fita alwala na ɗauki biyar daga tarin lamba ɗaya na kai bayan rumfa na ɗaga. Uku a ciki rana na leƙowa.

Na bi hanyar da aka san suruki da bi. Na gaya wa matata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni in dubi Baba in ce mashi ba shi gani? Ka kashe ni ya hi sauƙi." Ta kai maganar ga Inna. Ashe Inna ta riga mu sani, don ta ga yana laluben buta, kuma ya daina karanta ƙaramin Alƙur'aninsa, sai abin da ke ka. Ta aiko mini da saƙo cewa in rufa masa asiri don Allah, hatimin nan shi ne ransa. Goggo, wadda ita kaɗai ke iya faɗa masa magana gatsal, tana can Ƙwanni tana jinyar 'yarta. Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru gidan ya rufe, magidanta talatin su koma gida hannu rabbana. In na yi magana, na tsiraita uban matata.

Sai na zaɓi dabarar matsorata. In an tafi sallar azahar, mutum ɗaya kan tsaya tsaron rumfa saboda karnuka. Mai wannan aikin shi ne mai ɗaurin dila, wani magidanci shiru-shiru da muke kira Ɗan Lafani, don daga ƙauyen Lafani yake zuwa kullum a ƙasa. Sai in makara da gangan, in ce masa ya je rijiya ya ɗebo ruwan randa, ni zan tsare. Yana fita in afka wa tarin lamba ɗaya, in ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, masu huji in cusa su a ƙasan tarin lamba uku. Kafin ya dawo na gama, na ruga masallaci. Na yi haka kusan wata biyu. Takardar ƙorafi ba ta sake zuwa ba, har na fara ganin kaina mai wayo.

Na manta da wa nake. Baba bai taɓa ƙidaya fata ba, da ƙafa yake aunawa. In ya gama aikin safe yakan tsaya jikin tarin lamba ɗaya, ya san inda ya kai masa a ƙauri. Ya dawo salla ya sake tsayawa. Kullum sai ya ji tarin ya sauka. Wata ranar Asabar ya tura hannu a ƙasan tarin lamba uku ya zaro fatu huɗu, ya shafa wuyansu ya ji tambarin ɗaya. Ya shinshina, lafiya. Ya bi da tafi, lafiya. Ya ɗaga su ga haske, bai ga komai ba.

Wannan tsohuwar cuta ce a sana'ar, kowa ya santa: a saci fata mai kyau a ɓoye cikin na banza, wani baduku ya saya da araha, a raba riba a bayan fage. Kuma kowa ya san wan matar Ɗan Lafani baduku ne.

Baba ya sa aka tsayar da aiki, kowa ya taru. Ya ce, "Wa ka tsaron rumhwa in anka tahi salla?"

Ɗan Lafani ya ce, "Ni na, Baba."

"Wa ya kai waɗanga cikin lamba ukku?"

Ina tsaye a bayan Baba, kaina a ƙasa, ina kallon wata tururuwa da ke jan guntun kitse. Na ce a raina bari ya huce, gobe na san yadda zan yi.

Baba ya juya ga Ɗan Lafani ya ce, "Shekara shidda kana cin abinci nan. Ban zaci ɓarawo nike ma sallama kullum ba. Ɗauki tabarmarka."

Ɗan Lafani ya naɗe tabarmarsa, ya rataya gorarsa, ya fita ta ƙofar yamma. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Washegari Lahadi, ranar cin kasuwar Illela, labarin ya hau jakuna ya shiga ƙauyuka.

Kwana biyar na yi a cikin wannan hali, ban fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana. Tuwo ya ƙi wucewa. Matata ta zaci ciwon shawara ne, ta yi ta jiƙa mini saiwoyi. Ga tarkon da na ɗana wa kaina: in na ci gaba da kwashe fatun, tarin zai ci gaba da sauka, Baba ya gane ba Ɗan Lafani ba ne, ya kama wani ko ya kama ni. In na daina, masu huji su shiga dila. Na daina. Ina tsaye ina kallo ana ɗaure su, hatimin ɗaya a wuyansu, ana jera dilolin a bakin ƙofa suna jiran motar Alhamis. Wani lebura ya gaya mini ya ga Ɗan Lafani ya nemi aikin dako a tasha, aka ce masa ba a ba ɓarawo kayan mutane. Yana da 'ya'ya biyar, ga shi gero bai nuna ba.

Alhamis da hantsi motar ta iso. Direba ya sauke marfin baya, leburori suka fara naɗe gammo. Na ji in dilar farko ta hau motar nan, ni da kwanciyar rai mun rabu har abada. Na ce su dakata. Na zari fata ɗaya daga ragowar tarin lamba ɗaya, na ɗaga ta ga rana, na karyo tsinken tsintsiya na bi hujojin ina zurawa. Guda bakwai. Na cire takalmi, na durƙusa gaban turmin Baba, na ɗora masa ita a cinya.

Ya bi ta da tafi kamar yadda ya saba, tsinke ya soke shi. Ya tsaya. Ya koma a hankali yana taɓa su ɗaya-ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya kai yatsa wuyan fatar ya ji tambarin.

Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wagga daga wane tari?"

Na ce, "Na ɗaya, Baba."

"Yau na buga mata?"

"Ɗazu, Baba."

Ya zare tsinke ɗaya, ya ɗaga fatar sama, ya daɗe yana juya ta. Ya sauke ta ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kahin takarda ta zo."

"Kai na ka kwashe su."

"Ni na, Baba."

Direba na ta danna ham a waje. Sai Baba ya ce, "Kana tsaye bayana ina ce ma ɗan mutane ɓarawo. Kunyata ka ji, wani ya biya." Bai ɗaga murya ba, da ya mare ni da ya fi mini. Ya miƙo mini hatimin ya ce a kwance dilolin duka, in tambayi rana a kan kowace fata. Direba ya yi ta zage-zage har la'asar.

Washegari bayan Juma'a ya sa na ɗaura wa jaki akumari, ya hau, na ja shi har Lafani. Mun sami Ɗan Lafani a gona yana noman maimai. Baba ya sauka, ya laluba inda muryar take, ya durƙusa a cikin kunya, tsoho mai furfura gaban sa'an ɗansa. Ya ce ya zalunce shi, idonsa ne ya mutu, fatun masu huji ne, wanda ya kai su lamba uku daidai ya yi. Ɗan Lafani ya yar da fartanya ya ɗaga shi. Ya ce, "Na yahe, Baba, duniya da lahira. Amma sunan da anka sa mani kasuwa, wa ka cire shi? Ɗiyana ba su iya zuwa rijiya."

Baba ya ce, "Inda anka sa shi, nan za a cire shi."

A hanyar dawowa ya yi mini magana mafi tsawo tun bayan aurena. Ya ce ba zai ambace ni ba, ni mijin 'yarsa ne, uban jikokinsa, kuma sabon manaja ba zai bar hatimi a hannun wanda aka ji ya yi haka ba. Ya ce, "Amma wanga kaya naka na. Kai za ka kai mashi da bakinka." Na ce to.

Ranar Lahadi da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, ya ce in kai shi layin 'yan fata. Ya sa aka kifa masa kwando ya hau, ina riƙe da gwiwar hannunsa. Mutumin da ko a masallaci ba a jin muryarsa ya ɗaga ta har 'yan shanu suka waiwayo. Ya ce, "Jama'a, ku shaida! Ɗan Lahwani ba ɓarawo ba na. Ni na makaho! Wata da watanni ina buga hatimi bisa abin da ban gani ba, girman kai ya hana ni hwaɗi. Wanda duk ya kai waccan magana ƙauyensu, shi kai wagga." Ya faɗa sau uku, yana juyawa gabas da yamma. Wasu suka yi salati, wasu 'yan gaza-gani suka yi dariya, wani mahauci ya tambaya to wa ya kwashe fatun. Baba ya ce wannan tsakanin mai yi ne da Allah. Ina nan riƙe da hannunsa, na sake yin shiru.

Bai ƙara taka Gidan Fata ba. Ɗan Lafani ya dawo bakin aikinsa, manaja ya tabbatar mini da hatimi, gidan bai rufe ba. Baba ya yi shekara huɗu a zaure, idon na ƙara dushewa har ya tafi gaba ɗaya. Mahauta ba su daina kawo masa fata ya shinshina ba, shi kuma bai daina yi musu faɗa ba. Jikokinsa yakan gane su da shafa kai, ya ce wannan lamba ɗaya ne, wancan mai ƙiriniya lamba uku, a kai wa dukawa. Ni kuwa kowace safiya in na durƙusa gaishe shi, in babu kowa kusa, sai ya ce, "Ka sauke kayan nan?" In ce, "Tukuna, Baba." Ba ya ƙarawa. Shekara huɗu ina ganin Ɗan Lafani kullum, yana gaishe ni da ladabi, yana ɗaure abin da na tantance. Nakan shirya maganar tun daga gida, in na gan shi sai ta narke. Ranar Laraba, zazzaɓi na cinsa, Baba ya sake tambayata. Amsar da na ba shi ke nan ta ƙarshe: tukuna.

Jiya muka koma aiki bayan sadakar uku. Da aka tafi azahar na tsaya. Ɗan Lafani na zaune a bakin ƙofa yana murza igiya a cinya. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa. Ya zabura zai tashi, na ce ya zauna don Allah. Na gaya masa duka, ban rage ba.

Bai daina murza igiyar ba. Ya ce, "Na sani, Malam."

Na ce, "Baba ya hwaɗa maka?"

"A'a. Rijiyar ba nisa gare ta ba. Nikan dawo in tsaya bayan zana in jira ka ƙare."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi ranar da anka kore ka?"

Ya ce, "In na ce kai na, sai a tambaye ka dalili. Sai ka ce tsoho ba shi gani, gaban leburori talatin. Wagga magana ba ta bakina ba ta, taka ta." Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da akwai da na fi samun sauƙi. "Na yahe maka tuni. Amma ranar nan sau ukku na dube ka, Malam, ina jiran ka ɗaga kai. Kana kallon ƙasa."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya, ya sa abin da ya faɗa a kan kwandon nan ya tsaya masa ranar hisabi. Shi ya sauke nasa da rana tsaka, a gaban kowa. Ni na sauke nawa bayan an rufe shi da ƙasa, bai ji ba.